Wurin da Aka Nemo wa Yayan Fourera

Wani ne a nan garin Greensboro na Amurka, mutumin Maradi, yana aikin lodin katifu a wani kamfani da ke hanyar filin jirgi. Sunansa dai a bar shi, don har yanzu sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Mutum ne mai kirki, ba ya faɗa, ba ya gulma. Ciwonsa ɗaya ne tak: bakinsa ba ya iya cewa "ban sani ba". Ka tambaye shi hanyar garin da bai taɓa jin sunansa ba, sai ya ce ka miƙe sosai, in ka ga gidan mai ka yi dama.

Amma akwai abin da ya iya da gaske, wato zaɓen wurin zama. Duk lokacin da 'yan Nijar za su fita shaƙatawa bayan Sallah, shi ake turawa gaba. Zai zagaye filin da kwalin ashana a aljihu. Ya tsaya nan ya ƙyasta, in ta mutu ya girgiza kai ya wuce. Sai ya sami gindin bishiyar da ashana za ta ci har ta kusa lasar masa yatsa, sannan ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye ɗan murhunsa na waya da butar shayi. Gawayi ba ya tartsatsi, toka ba ta shiga idon dattawa, mayafin mata ba ya tashi. Dattawa su sha shayi su sa masa albarka, shi kuwa ya riƙa lumshe ido.

To, sai Allah ya jarrabe shi da son wata yarinya, Fourera, nas ce a wani asibiti a garin. Son gaske fa, irin wanda ke sa mutum ya ɗora katifa a motar da ba ita ba. Ita ma ba ta ƙi shi ba. Mahaifinta kuwa tun daga Maradi ya yanke magana, ya ce duk abin da yayanta Hassoumi ya ce, shi ke nan. Gogan naka ya tura Malam Chaïbou da Alhaji Younoussa da goro har gidan Hassoumi a unguwar Sedgefield. Hassoumi ya karɓe su hannu biyu, ya ba su lemo, ya ce, "Za mu duba." Aka yi ta dubawa, ganye ya zube, ganye ya sake tohowa, ba a gama dubawa ba. Ana cikin haka sai aka ji wani mai kantin magani a garin Raleigh shi ma ya fara turo gaisuwa.

Ran wata Asabar mutumin ya wanke motarsa, ya fesa turare, ya tafi gaida Yaya. Hassoumi tun yana saurayi ya zo ƙasar nan, aikin kwamfuta yake yi, Hausarsa rabi da rabi ce da Turanci. Mutumin ya same shi a gareji yana ta danna famfo, wani ƙaton abu ruwan lemo yana kumbura a ƙasa. Maƙwabcinsa Dachung, mutumin Jos, yana zaune kan kujerar roba yana ɓare gyaɗa. Gogan ya tuɓe takalmi tun daga bakin gareji, ya durƙusa kusa da injin yankan ciyawa, ya jero gaisuwa har da ta gajiyar makon jiya. Da ya gama sai ya dubi abin nan.

"Yaya, tanti za a kafa?"

"Wane tanti? Kayit ce," in ji Hassoumi. "Laima ce ta wasan ruwa. Ka ɗaura ɗamara a ƙugu, ka maƙala igiyoyinta, ka taka allo, ita kuma ta ja ka a kan teku. Zo ka gani."

Ya miƙo masa waya. A ciki ga wani Bature yana tsaga ruwa a guje, can sai ya yi sama, ya juya, ya dawo. Mutumin ya mayar masa da wayar. Shi da ko wanka a baho ba ya yarda ruwa ya wuce masa idon sawu. Zuciyarsa ta ce masa yi shiru. Bakin bai ji ba.

"Au, wannan? Ai da shi muka girma."

Hassoumi ya daina danna famfo. "A Maradi?"

"Ƙwarai kuwa. Namu na leda ne da karan dawa, mu warware buhu mu sami zare. A unguwarmu ni ake kira in za a tayar. Yaya, ni fa na san iska. Kafin ta taso na san ta inda za ta ɓullo."

Tunda yake zuwa gidan nan bai taɓa ganin haƙoran Hassoumi ba sai ran nan. Hassoumi ya jawo kujera ya ba shi, abin da bai taɓa yi ba.

"Mon frère, ɗan'uwana, ashe kai nake nema! Wikend mai zuwa zan je tsibirin Hatteras. Matsalata kullum wurin tashi ne. Duk wuri mai kyau ka tarar an cika shi, igiyar wannan ta harɗe ta wancan. Tunda ka san iska, ka riga mu tafiya ran Juma'a bayan masallaci, ka nemo mana spot ɗin da ba kowa ya sani ba. Mu kuma mu iso da safe. Fourera ma za ta zo."

"An gama, Yaya."

"In ka samo mini shi," Hassoumi ya ɗan rage murya, "maganar nan da su Malam Chaïbou suka kawo, a can za mu ƙarasa ta."

Mutumin bai san lokacin da ya sa takalmin dama a ƙafar hagu ba. Yana buɗe mota sai ga Dachung ya biyo shi da gyaɗa a hannu.

"Ɗan'uwa, tsaya. Ka iya ruwa kuwa?"

"Wuri aka ce in nemo, ba kifi ba."

"To ka san dai wurin da iska take da ƙarfi ake nema ko?"

Gogan ya yi masa kallon tausayi. "Dachung, kana zaune a wurin amma ba ka lura ba. Ba ka ga famfo ba? Tun daga gida ake ɗura mata tata. Kayan Amurka ne fa, ba irin ledarmu ba da sai an zauna jiran Allah ya kawo. Abin da ya rage kawai a sami wurin mutunci."

Dachung ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Ya juya ya ƙwala wa matarsa kira ta saman shinge. "Tabitha! Asabar mai zuwa ba na nan fa. Akwai inda zan je kallo."

Ranar Juma'a ana sallamewa mutumin ya ɗauki hanyar gabas. A but ɗin mota akwai tabarmi, da filo, da tsintsiya, da buhun gawayi, da kilishi, da dabino, da babbar rigar shadda wadda ta sha sitaci. Ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, har ƙasa ta ƙare aka shiga gada. Gadar nan ba ta da niyyar ƙarewa. Ruwa a hagu, ruwa a dama, ruwa a ƙasa. Ya ƙanƙame sitiyari, ya rage gudu har mai keke zai iya wuce shi, yana karanto duk abin da ya haddace tun daga makarantar allo. Motoci suka yi layi a bayansa suna ta hon. Shi a zatonsa gaisuwa ce, har yana ɗaga musu hannu ta taga.

Tsibirin kuwa wani siririn yashi ne aka shimfiɗa a tsakiyar ruwa, titi ɗaya ya ratsa shi. Ya ga wani fili da motoci suka taru, sama cike da laimomi kala-kala, sai ya tsaya. Yana buɗe ƙofa iska ta fizge ta daga hannunsa. Yana fito da kai ta ɗauke masa hula. Hular nan har yau ba a ji ɗuriyarta ba, ko da yake wani ya rantse ya ga irinta a kan wani mai kamun kifi a Dakar.

Ya daure ya taka zuwa bakin ruwa, yashi yana tsattsage masa ƙafa. Ya ciro ashana ya ƙyasta. Ko kamawa ba ta yi ba. Ya juya baya ya ƙyasta, ya tsuguna ya ƙyasta, ya cusa kai cikin riga ya ƙyasta. Babu.

"Subhanallahi," ya ce. "Nan zan kawo yayan Fourera? Ba inuwa, ba bango, yashi a ido, yashi a shayi? A ji a Maradi cewa na zaunar da surukina a tsakar rana iska tana dukansa? Wallahi ko an ɗaura sai an kwance."

Ya koma mota ya ƙara gaba. Duk inda ya ga laimomi ya tsaya ya gwada, duk labarin ɗaya ne. Kwalin ashana ya kusa ƙarewa, wuta ko sau ɗaya bai gani ba. Ya fara jin tausayin Turawan nan. Dubi yadda suka yi dandazo a wuraren banza, ba wanda ya nuna musu.

A wani wurin ya tarar da wata tsohuwar Baturiya, rana ta gasa mata fata, tana naɗe igiyoyi, karenta yana gefe. Ya ce wannan 'yar gari ce. Ya matsa ya gaishe ta da Turancinsa na wurin lodi. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya. Da ya ga abin tambaya ya ƙare sai ya tambayi lafiyar karen. Tsohuwa ta ce duk lafiya, ko motarsa ce ta lalace?

"A'a, Mama. Wuri nake nema mafi kyau a tsibirin nan, na babban mutum."

Fuskarta ta washe. Ta nuna kudu da hannu. Ta ce ya wuce ƙauyen can, zai ga wata 'yar hanyar yashi ta ɓangaren ruwan da ba shi da zurfi. Wurin ba bishiya, ba gida, ba abin da ke tare iska, tun safe har yamma bugawa take. Ta sumbaci yatsunta don ya san wurin ya kai.

Mutumin ya gyaɗa kai, a ransa ya ce an soke wannan.

"To Mama, ina ne kuma ba ku zuwa?"

Ta yi dariya. Ta nuna wani duhun itatuwa a bayan tudun yashi. Ta ce can kam kada ya ɓata lokacinsa, iska ba ta shiga ko kaɗan, ba kowa sai sauro.

Ya yi mata godiya har da ɗan rusunawa. Yana juyawa ya yi murmushi. Wayon 'yan gari ai ko'ina ɗaya ne. Ko a kasuwar Maradi mai tumatir ba ya nuna maka rumfar da ta fi tasa. Kuma me Yaya ya ce? Wurin da ba kowa ya sani ba.

Ya ajiye mota a gefen titi ya kutsa cikin itatuwan nan, ƙaya tana jan wandonsa. Can ciki sai ga wani ɗan fili, rassa sun haɗe a sama sun yi rumfa, a gefe ga wani kududdufi wanda bai fi falon gidan haya ba, kunkuru yana barci a bakinsa. Shiru kake ji. Ya ciro ashana da bismillah ya ƙyasta. Wuta ta miƙe tsaye cak, ba ta karkata ko'ina ba, ta ci har ta lashi yatsansa. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya sake ƙyasta wata don nishaɗi kawai.

Nan take ya ɗauko tsintsiya ya share wurin tas. Sauron wurin, da suka daɗe ba su ga baƙo ba, suka fito da iyalansu suka yi masa maraba. Bai damu ba. Ya hau tudu inda waya ke kamawa ya kira Sedgefield.

"Yaya, an samu."

"Da gaske? Akwai mutane?"

"Ko ɗaya. Ni kaɗai ne sai wani kunkuru."

"Kai, madalla! Iska fa?"

"Yaya, kada iska ta dame ka. Na gama da ita."

Washegari da hantsi suka iso. Ya tarye su a bakin titi cikin babbar riga, sitaci yana ƙara in ya motsa, da sabuwar hula wadda ya ɗaure da zare ta ƙarƙashin haɓa. Hassoumi ya fito daga mota sanye da wasu baƙaƙen kayan roba da suka ɗame shi tun daga wuya har idon sawu. Gogan ya yi maza ya sunkuyar da kai, don bai kamata mutum ya ga surukinsa a wannan hali ba. Fourera ta fito da mayafi ruwan hoda, ta yi masa wani ɗan murmushi da ya sa ya manta cizon sauron jiya. Dachung ya fito da ledar gyaɗa.

Gogan ya karɓe jakar laima ya saɓa a kafaɗa, ya shige gaba. Suna tafe Hassoumi yana waige-waige.

"Teku fa tana can baya."

"Yaya, biyo ni dai."

Suka ɓullo filin. Tabarmi a shimfiɗe, filo a jere, kilishi da dabino a faranti, shayi yana tafasa a kan murhu, hayaƙinsa ya miƙe sama sak. Hassoumi ya tsaya. Ya dubi ganyaye, ba wanda ke motsi. Ya lashi yatsa ya ɗaga, bai ji komai ba. Ya ɗebi yashi ya saki, ya zubo masa a kan ƙafa.

"Ina ruwan?"

Mutumin ya nuna kududdufi. Kunkuru ya buɗe ido ɗaya ya mayar.

"Ina iskar?"

Nan fa aka zo wurin da yake jira. Ya gyara hannun riga, ya ciro ashana, ya ƙyasta, ya ɗaga ta a gaban fuskar Hassoumi. Wuta ta tsaya ƙyam.

"Voilà! Yaya, tsibirin nan kaf na zagaye shi jiya. Nan ne kaɗai babu ita."

Dachung ya nemi gindin bishiya ya zauna. Dariya yake ba sauti, gyaɗa tana zubewa. Fourera ta ja mayafi ta rufe fuska, ta cikinsa take kashe sauro.

Hassoumi bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsawa ciwo. "Ka ce mini ka san iska."

"Na san ta mana, Yaya. Shi ya sa na kauce mata."

"Da me laimar za ta tashi?"

"Ba ka zo da famfon ba ne?"

Dachung ya kwanta a tabarma gaba ɗaya. Hassoumi ya sunkuya ya ɗauki jakarsa.

"Fourera, mu tafi. Mai kantin maganin nan na Raleigh ko kayit bai taɓa gani ba, amma bai taɓa ce mini ya iya abin da bai iya ba."

Maganar nan ta daki mutumin a ƙirji. Ya dubi Fourera, ta sauke mayafi, idonta ya cika da hawaye. Ya ga aurensa yana tafiya a ƙafa cikin baƙaƙen kayan roba. Tsoro ya kama shi, tsoron rasa ta, wanda ya fi na gada. Zuciyarsa ta ce masa faɗi gaskiya ka ba da haƙuri. Bakin ya riga ta.

"Haba Yaya! Nan ai wurin shayi ne. Wa zai tashi a kududdufi? Wurin tashi yana can gaba da ƙauye, ba bishiya, ba gida. Na ɓoye shi ne sai an karya. Ni ma zan fara buɗe fage."

Hassoumi ya juyo a hankali. "Kai za ka fara?"

"In ka ba ni izini."

"Yaya, don Allah a bar maganar nan," in ji Fourera.

"A'a, ƙyale shi. Ai da shi suka girma."

Suka tafi wurin da tsohuwa ta kwatanta. Iskar wurin kuwa ba a magana. Tsohuwar ma tana nan da karenta, ta gane shi ta ɗaga masa hannu. Hassoumi ya hura laima, ya warware igiyoyi, ya miƙo masa kayan roba. Gogan ya ja da baya. Ya tuɓe riga a gaban surukinsa, ga kuma Fourera tana kallo? Allah ya kiyaye. Haka aka ɗaura masa ɗamara a kan babbar riga, ya tattare ƙasanta ya shiga ruwa zuwa gwiwa, leɓɓansa suna motsi.

Hassoumi a nufinsa ya bar shi ya ɗan jiƙe ne kawai ya amsa laifinsa. Ya sa masa allo a ƙafa, ya damƙa masa sandar da igiyoyi ke ɗaure a jiki.

"Saurara da kyau. In ta yi ƙarfi, tura sandar gaba. In abin ya fi ƙarfinka, sake ta gaba ɗaya."

"Yaya, ni za a koya wa?"

Ko kalma ɗaya bai ji ba. Tsohuwa ta zo ta kama gefen laimar ta ɗaga, ta tambaye shi da hannu ko ya shirya. Shi kuwa ya ga babba ta ɗaga masa hannu, sai ya ɗaga nasa ya amsa. Ta saki.

Laima ta yi sama da wani irin kuka, ɗamara ta fizgi ƙugunsa. Nan ya yi abin da duk wanda ya taso da doki da jaki zai yi in dabba ta ɗauke shi a guje: ya ja linzami. Ya jawo sandar nan har ƙirji, yana cewa, "Tsaya! Tsaya mana!" Ita kuwa laimar nan jawowa ne ke ƙara mata ƙarfi. Sai ga mutum a kan allo yana tsaga ruwa, farin kumfa yana tashi a bayansa. Babbar riga ta sha iska ta kumbura, ta zama laima ta biyu.

"Sake sandar!" Hassoumi yana gudu a bakin ruwa yana ihu. "Sake ta!"

Turawa suka kama, kowa yana ihun ya saki, kare yana haushi. Muryar gogan ta taho daga nesa.

"Kayan mutane ne! Amana ce!"

Ya saki kayan surukinsa teku ta tafi da su? Da wane ido zai dubi Malam Chaïbou? Sai ya ƙara ƙanƙamewa, ya ja da duk ƙarfin da yake ɗaga katifa. Wata guguwa ta shigo ƙarƙashin laimar, ruwa ya rabu da allo.

Ya yi sama. Ya wuce laimomin mutane, ya wuce tsuntsayen teku, wani tsuntsu har ya kauce masa. Daga can ya hango tsibirin gaba ɗaya, ya hango titi, ya hango duhun itatuwansa da hayaƙin shayinsa yana miƙewa lafiya lau ba abin da ya dame shi. Kewar tabarmar nan ta kama shi. Ya rufe ido ya fara kalmar shahada. Iska ta juya shi, ƙafa a sama kai a ƙasa, riga ta rufe masa fuska, ta sake juyo da shi. Allo ya taɓa ruwa, kafin ya ce alhamdulillahi ya sake jan linzami, aka sake yin sama da shi. A karo na biyun nan har zaren hula ya tsinke, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Allah da ikonsa iska ta ɗan lafa. Laima ta sauko a hankali ta kwanta a ruwa, shi kuma ya dira daɓas a zaune cikin ruwan da bai kai masa ƙirji ba, ba nisa da inda ya tashi. Bakin ruwa ya kaure da tafi da sowa. Tsohuwa ta sa yatsu a baki tana fito. Wani saurayi mai dogon gashi ya ce tun da yake zuwa tsibirin nan bai taɓa ganin an yi wannan juyin da rigar bikin aure ba.

Su Hassoumi suka faɗa ruwa suka nufo shi. Yana zaune, sitaci ya narke, ciyawar teku a kunne, wata 'yar ƙaguwa tana leƙowa daga aljihun riga. Har yanzu sandar tana hannunsa. Sai da Dachung ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya yi tari, ruwan gishiri ya fito ta baki ta hanci.

"Yaya," ya ce da ƙyar, "ga kayanka. Ba abin da ya same su."

Fourera tana tsaye cikin ruwa da takalminta, kuka take dariya take, ba ta ma san mayafinta ya jiƙe ba. Hassoumi kuwa ya durƙusa a gabansa, ya kama kafaɗunsa biyu, idonsa yana ƙyalli.

"Mon frère, ka yafe mini! Wallahi tunda na fara wasan nan ban taɓa yin rabin wannan tashin ba. Ga spot, ga iska, ga gwani! Ashe ɓoye kanka kake yi. Dachung, kai ne shaida: na ba shi Fourera. Muna komawa a kira su Malam Chaïbou a sa rana."

"Na shaida," in ji Dachung, yana share hawaye.

"Kuma daga yau duk Asabar tare za mu riƙa zuwa, sai ka koya mini juyin nan na ƙafa a sama. Tashi ma ka sake yi yanzu tun iska ba ta faɗi ba, ɗazu ban samu na ɗauka a waya ba."

Ya mayar masa da sandar a hannu. Tsohuwa ta riga ta nufi laimar za ta ɗaga. Mutumin ya dubi sandar. Ya dubi sama. Ya dubi Fourera, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya matso kusa da kunnen Hassoumi.

"Yaya, ka san kuwa mai kantin maganin nan na Raleigh yaron kirki ne?"